Gudumar Baba Gwadabe

"Aro ne, Baba. Kwana uku mu dawo maka da ita," in ji wani ɗan kwamitin biki, ƙafarsa ɗaya a cikin ɗakin, hankici a hancinsa.

Ina zaune a bakin gadon. Baba Gwadabe maƙwabcina ne a nan Abuja, wadda yanzu ake so mu riƙa ce wa Suleja. Shekara talatin da ɗaya ya yi a reluwe a Minna, yana bin jirage da guduma mai doguwar ƙota. Ya doki ƙafar jirgi ya saurara: in ta amsa da zaƙi, lafiya; in ta yi gum, ta tsage. Yanzu ga shi kwance, a Minna kuma ana shirin bikin tunawa da injiniyan da ya fara shimfiɗa layin dogon, ana tara tsofaffin kayan aiki.

"Kada a taɓa mata ƙota," ya ce. "Hannuna ne ya cinye ta haka."

"An gama, Baba." Ɗan kwamitin ya fita da gudumar, ko sannu da jiki bai yi masa ba.

Kwana uku suka koma goma sha tara. Baba ya bar tuwo, sai koko. Kullum tambayarsa ga matarsa ɗaya ce: "Yalwa, an kawo?"

Na shiga mota na tafi Minna da kaina. An ci an watse, filin duk ƙasusuwan kaji da ƙudaje, hoton injiniyan ya karkace ba mai gyarawa. Na zaƙulo gudumar a ƙarƙashin kujeru. An lafta mata farin fenti, an sa mata sabuwar ƙota.

"Ina tsohuwar?"

"Haba Malam, wannan ƙazantar a gaban manyan baƙi?" in ji mai gadi. "Masu girki sun hura wuta da ita."

Na kawo masa. Idonsa ya riga ya tafi, sai ya bi ƙotar da yatsu yana neman gurbin babban yatsansa.

"Tanimu, ta wa ce wannan?"

Ban taɓa yi masa ƙarya ba. "Taka ce, Baba. Sun canja ƙota."

Ya doki ƙarfen gado, ya kasa kunne, ya daɗe.

"Sun toshe mata baki," ya ce, ya juya ga bango.

Washegari bayan la'asar ya cika.

Da muka dawo daga maƙabarta, Yalwa na zaune a tsakar gida tana kankare fentin da wuƙa, kaji na tsattsagar ɓarɓashin da ke zuba.