Baron Ya Ziyarci Kaka

Rawiri na durƙushe gaban kejin yana fifita da kwalin biskit, gumi na tsiyaya ta bayansa. Tun hantsi aka ɗauke wuta a unguwarsu a Napier, ga zafin Janairu, wanda a ƙasarsu shi ne tsakiyar bazara, ya yi tsanani. Baron, cincila, wata 'yar dabba mai kama da ɓera mai yawan gashi da 'yarsa Mereana ta bar musu da za ta tafi aiki Perth, ya yi lamo a kan ciyawarsa, kunnuwansa sun yi jajir.

"Ka yayyafa masa ruwa mana," in ji matarsa Glenys daga bakin ƙofa.

"So kike ki kashe shi? Gashin nan in ya jiƙe ba ya bushewa. Da ƙura yake wanka."

"Na sani, ƙurar kanti. Shekara talatin muna kwana da fanka, ɓera ya zo wata shida an sa masa na'urar sanyi."

Ya kira likitan dabbobi, can ma babu wuta. Na'urar sanyin motarsa kuwa tun bara ta lalace. Baron ya fara haki. Da wane baki zai gaya wa Mereana?

Glenys ta ce, "Gidan tsofaffi suna da janareta."

Can mahaifiyarsa take. Tafiyar minti goma ce, amma wata huɗu rabonsa da can.

Ya tarar da mahaifiyarsa, Hinewai, a ɗakinta, sanyi na busawa, har bargo ta rufa a ƙafa. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Wa ya mutu?"

"Babu kowa, Mama. Na zo gaishe ki ne."

"Da keji?"

Ya ajiye shi daidai ƙarƙashin na'urar, ya zauna a bakin gado. Yana tambayarta lafiyar gwiwa, idonsa na kan kunnuwan Baron. Ta ce gwiwar an yi mata aiki tun Nuwamba. Ya ce madalla.

Bayan rabin awa Baron ya miƙe, ya girgije, ya faɗa cikin kwanon ƙurarsa yana birgima. Rawiri ya sauke ajiyar zuciya, har da ƙwalla.

"Kullum kake canza masa ciyawa?" in ji tsohuwar.

"Safe da yamma, Mama. Ba ya son a makara."

"Allah sarki."

Wayarsa ta yi ƙara, Glenys ce, wai an kawo wuta. Ya miƙe zai ɗauki kejin, sai Hinewai ta ɗora sandarta a kai, ta danna ƙararrawar kiran nas. Nas ɗin ta shigo.

"Yarinya, ana barin dabba a nan?"

"In ƙarama ce, Kaka, kuma in akwai mai zuwa ya kula da ita."

"Akwai," in ji ta. Ta juya wajen ɗanta. "Gobe ƙarfe takwas. Ka taho da ciyawar."