Shingen Shukor da Teoh

Shukor ya gyara tsumman da ya ɗaure a hanci, ya buga famfon feshin, ya ci gaba da bin katakon shinge daga sama har ƙasa. Maganin gara yana ɗiga baƙi-baƙi a kan ciyawa. Tun da hantsi ya gama da ɗakin ajiyar fartanyu, saura shingen da ya raba gidansa da na maƙwabcinsa Teoh.

Shekara ashirin da shida suna wannan aiki rana ɗaya, kafin ruwan damina ya kankama a garinsu Taiping, kowa a gefensa. Teoh yakan leƙo ta sama ya ce Shukor ya cika wa maganin ruwa, garar ma sha take yi ta yi ƙiba. Shukor kuwa ya ce masa ai famfonsa ya girmi 'yarsa, ya kamata a yi masa ritaya. Tun rasuwar matar Shukor, ba shi da hirar da ta kai wannan tsawo.

Bana babu mai leƙowa. Wata huɗu ke nan da ɓarin jikin Teoh ya shanye, 'yarsa Mei Fong ta ɗauke shi zuwa birnin Ipoh.

Shukor ya kai rabin shingen sai ga motar Mei Fong. Ta jima a gidan mahaifinta tana fito da kwalaye, sannan ta zo ta gaishe shi tana kare hanci da hannu. Ta ce an sayar da gidan, mai sayen zai rushe shingen mako mai zuwa ya gina katangar bulo.

"Kada ka wahalar da kanka, Pak Cik," in ji ta, wato Kawu, yadda ake kiran dattijo a can.

Shukor ya saki maɓallin feshin. Ya tambayi jikin tsohon. Ta ce yana cin abinci, yana wuni a bakin taga, ita kuma tana wurin aiki har yamma. Mutanen unguwar ba su san shi ba, ba mai shigowa.

"Yana tambayata?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce gaskiya ba ta sani ba, domin yana ta magana amma ba a gane abin da yake cewa.

Shukor ya dubi katakon da ya jiƙe da wanda bai taɓa ba. Tankin na bayansa, rabinsa a cike, igiyar tana cin kafaɗarsa. Ya sauke shi a hankali, ya jingina shi da bishiyar rambutan, ya kwance tsumman. Sannan ya tambaye ta ko akwai wuri a motar.

Ta ce kwalaye sun cika ko'ina, har kujerar gaba.

"Zan riƙe ɗaya a cinya," ya ce. "Jira ni in wanke hannu."