Karin Kumallon Mama Kamala

Kwana uku ke nan Mama Kamala ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Al'adarta ce a kwanaki tara na bikin Durga, allahiyar da take bauta wa, ba ta karyawa sai ta rera waƙar yabonta. Bana kuwa shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke mata magana.

Firisila ta shekara ashirin da biyu tana aiki a gidan nan na Bukuru, tun mijin Mama, wanda aikin kuza ya kawo daga Indiya, yana da rai. Da sassafe Anil, ɗan Mama, ya kira ta daga Legas.

"Anti, in yau ma ba ta ci ba, sai asibiti. Roba za su zura mata ta hanci."

"Uwarka ce, ka san taurin kanta. Na kunna mata waƙar a waya, ta juya wa wayar baya."

Ƙarshen damina ne. Farin gajimare ya sauko ya kwanta a kan kududdufin kuza na bayan gida, har duwatsun suka zama kamar suna shawagi. Firisila ta turo keken Mama zuwa ƙofar ɗakin ibada. Fitilar man shanu tana ci a gaban hoton Durga, mace mai hannuwa da yawa a kan zaki. A gefe ga kaskon da ake shuka hatsi a ranar farko ta bikin; acca Mama take shukawa tun da ta rasa sha'ir a Jos, ga shi ta fara tsirowa. Mama ta buɗe baki, iska kawai ta fito.

Firisila 'yar Zumuntar Mata ce a cocinsu, ba ta taɓa wuce bakin ƙofar nan ba. Amma ta san karin waƙar. Da shi take auna shayi daga kicin, in murya ta hau sau uku sai ta sauke buta. Ta taɓa tambaya, "Me kike samu a ciki, Mama?"

"Tsoro yana kwana a ciki na," in ji Mama da irin Hausarta. "Waƙa yana share shi. In na gama, ni yaro ne, uwa na yana kusa."

Firisila ta durƙusa a bakin ƙofa, daidai kafaɗar Mama. A ranta ta ce, Yesu, ka san zuciyata. Kalmomin ba nawa ba ne, ban ma san su ba. Murya kawai zan ara mata.

Ta rufe leɓɓanta ta fara karin a maƙogwaro. Hayaƙin turare ya miƙe, ya karkata wajen taga. Sai ta ga kamar gajimaren ya shigo ɗakin, ta ga uwarta tana surfen acca a ƙauye, taɓarya tana sauka daidai da bugun waƙar. Ba ta san lokacin da wata murya ta shiga ƙarƙashin tata ba, muryar Mama, siririya, a karkace, amma ɗauke da kalmomi. Suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar an buɗe wa awaki ƙofa.

A hawa na uku Firisila ta shagala, ta zarce cikin wani kari na coci. Hannun Mama mai lafiya ya sauka a bayan hannunta, tas.

"Yi haƙuri, malama," Firisila ta ce tana dariya, ta koma kan hanya.

Da suka kai ƙarshe, Mama ta daɗe idonta a rufe, fuskarta a sake. Firisila ta ce, "Mama, kira sunana mana." Mama ta gwada, bai fito ba. Sai ta nuna kicin da haɓa.

Kunun acca Firisila ta kawo. Mama ta sha cokali bakwai, ta yamutsa fuska, ta nuna gwangwanin sukari.