Ƙofar Banɗaki

Bugun farko sai da ya kado hoton aurensu daga bango, gilashin ya tarwatse a tsakar falo. Na biyu ya zo tare da muryar Dogo daga waje.

"Oga, don girman Allah ka buɗe. Yau fa ba ni kaɗai ba ne."

Dattijon da duk kwatas ɗin kamfani ke kira Cire-Ƙofa yana zaune a kujerarsa, sukundireba a hannu, bai ko motsa ba. Matarsa na tsaye bakin kicin, hannunta duk kumfar sabulu.

"Malam, ka buɗe musu mana. Mu tafi da mutuncinmu."

"Mu tafi ina?" ya daka mata tsawa. "Su buga! Ƙarfe ne, ni na sa aka yi masa walda."

* * *

Tun yana da baƙin gashi shi ne shugaban masu gyaran gidajen ma'aikata. Gyaran famfo da silin kuwa suna ne kawai. Ainihin aikinsa shi ne fitar da waɗanda suka yi ritaya suka ƙi tashi, wai suna jiran a biya su haƙƙinsu kafin su san inda za su nufa.

Shi ya ƙirƙiro dabarar, kuma yana alfahari da ita har ya ishi mutane. "Kada ku taɓa mutum," haka yake koya wa yaransa, Dogo na gaba-gaba. "Ƙofa za ku taɓa. Ku fara da ta banɗaki." Sai a kwance hinji cikin ladabi, a gaida matar gida, a saɓa ƙyauren a kai sito. Gidan da ke da 'yan mata ba ya daɗewa a haka. Za a ga an rataya zani a gurbin ƙofar, iska na ɗaga shi, daga nan sai motar kaya. Shi kuma ya koma ofis yana cewa bai taɓa marin kowa ba.

Matarsa ta yi magana har bakinta ya gaji. Abokan aikinsa na sayen fili a bayan gari, suna ɗora bulo kaɗan-kaɗan, wasu suna koyon kiwo. Shi sai dariya, wai ina shi ina zaman daji. Ai Manaja ya dafa kafaɗarsa a gaban jama'a ya ce wannan gidan nasa ne har mutuwa. Kafin ritayarsa ta zo aka yi wa Manajan canjin wurin aiki, sabon da ya zo ko sunansa bai riƙe ba.

Ranar da aka yi masa walimar bankwana, aka ba shi agogon bango, bai dawo gida shi kaɗai ba. Da mai walda ya zo. Aka cire ƙyauren gaba aka sa na ƙarfe, aka narke hinjin da jikin firam, ƙofar banɗaki kuma ya danna mata ƙusoshi ta yadda sukundireba ba ta da abin kamawa. Kaf shirin ritayar da bawan Allah ya yi a duniya ke nan.

Da Dogo ya zo da kayan aikinsa ya ga babu abin kwancewa, sai ya koma ya faɗa. Sabon Manaja bai ɓata lokaci ba. Ya aika aka ɗebo 'yan daba daga tasha.

* * *

Yanzu bangon ne ke tsagewa. Waldar ta riƙe, simintin da ke kewaye da ita ne ya gaza. Matar ta ga firam ɗin yana rawa, ta tuna jikarsu da ke barci a tabarma dab da ƙofar. Ta ruga ta sunkuce yarinyar ta tura ta gefe.

"Ku dakata! Akwai..."

Ƙofar ta faɗo ciki gaba ɗayanta, da firam da guntayen bulo, ta danne matar daga ƙugu zuwa ƙasa. Ƙarar da ta yi ba irin ta mutane ba ce.

Cire-Ƙofa bai san lokacin da ya tashi ba. Na farkon da ya tako kan ƙyauren, wani mai jajayen idanu, shi dattijon ya caka wa sukundireba a kafaɗa har sai da ƙarfen ya tsaya a ƙashi. Sauran suka rufe shi. Ƙotar guduma ta same shi a baki, ya ji haƙoransa a kan harshe kamar tsakuwa. Suka kai shi ƙasa suna tattakawa, wani na ƙwala masa agogon bankwanar a ka, jikar na tsala ihu a lungu. Duk wanda ya shigo ta kan ƙofar yake bi, matar na ƙarƙashi.

"Ku sauka! Mutum ce a ƙasa, 'yan iska!" Dogo ne ke ihu yana jan su ta baya, hawaye na zuba. "Mama! Mama, kina ji na?"

Da suka ga jini ya malalo daga ƙarƙashin ƙarfen, sai suka watse, har da mai sukundireba a kafaɗa. Maƙwabta na tsaitsaye a ƙofofinsu. Yawancinsu sun taɓa ganin an saɓa ƙyauren wani nasu, don haka babu wanda ya yi sauri.

Da ƙyar aka ɗaga ƙarfen. Ƙafafunta sun juya inda ƙafa ba ta juyawa, ba ta ɗaukuwa a hannu. Dogo ya waiwaya neman abin da za a shimfiɗe ta a kai, idonsa ya sauka a ƙarshen baranda. Ya dubi ogansa. Dattijon ya tofar da jini, ya ɗauki gudumar da aka yar, ya je da kansa ya ɓalle ƙofar banɗakin.

A kanta aka fitar da matarsa daga gidan. Ta buɗe ido sau ɗaya a hanya, ta ce, "Malam, na bar ruwa yana zuba a kicin."

* * *

A barandar asibiti ya zauna, leɓensa a kumbure, jikar ta yi barci a cinyarsa. An shiga da matar tun ɗazu, ba wanda ya fito ya ce masa komai. Ƙyauren na jingine da bango kusa da shi.

Dogo ya daɗe yana kai-komo kafin ya durƙusa a gabansa.

"Oga, ka yafe mini. Manaja ya kira." Ya dubi ƙyauren. "Wai ƙofar... kayan kamfani ce."

Cire-Ƙofa ya gyaɗa kai. Shi ya kafa wannan dokar, shi kuma ya ce sito ba ya karɓar ƙyaure da datti. Ya kwantar da yarinyar a kan benci, ya cire hularsa, ya jiƙa ta a famfon baranda, ya fara goge jinin daga jikin katakon a hankali.