Ƙahon da Aka Hana Bappa Sajo

Shekara talatin Ɗantsoho wanzami, wani Bamange, yana aske kan Bappa Sajo a Ɗanzomo, duk faɗuwar damina kuma ya kafa masa ƙaho huɗu a gadon baya, ya zuƙe masa mataccen jini. Sai a shekarar da naira ta shigo ƙafar Bappa ta kumbura suntum, aka kai shi asibiti Kano. Jini ne ya daskare a jijiya, in ji likita, ya haɗo shi da kati da 'yan ƙwayoyin tsinka jini a kwalba.

Juma'ar farko da ya zauna aski, aska ta ɗan ƙwarzane shi a bayan kunne, ƙwarzanen da ko jariri ba zai yi wa kuka ba. Jini ya ƙi tsayawa. Ɗantsoho ya danna auduga ya sake dannawa, har aka kira salla yana ɗiga. Tun yana yaro yake hulɗa da jinin mutane, amma bai taɓa ganin irin na ran nan ba.

Washegari ya hau keke sai Gumel, wurin Malam Haladu, malamin asibitin da ke tura Bappa awon jini duk wata.

"Ƙwaya ɗaya kullum bayan la'asar," in ji Malam Haladu, "ba ƙari ba ragi, sai in likita ya duba awo ya canza. Kada ya haɗa da maganin ciwon kai na 'yan tebur. Ku kuma, Baba, ku jingine masa aska da ƙaho har wata shida. In kuka tsaga bayan nan, kafin a samo mota mun rasa shi."

Da hadari ya fara haɗuwa sai ga Bappa, ya tuɓe riga ya juyo baya kamar yadda ya saba. Ɗantsoho ya ce bana kam babu ƙaho.

"Likita da kansa yake zuƙar jinina da allura, kai ne za ka hana?"

"Nasa bai cika cokali ba, Bappa. Nawa in ya ɓalle ba ni da abin tare shi."

"To, wanzami bai ƙare a ƙasar Gumel ba!"

Wanda duk ya san taurin kan Bappa ya san da gaske yake. Don haka Ɗantsoho ya ƙara wa keke iska, ya bi 'yan'uwansa wanzamai ɗaya bayan ɗaya, daga Sule Tankarkar har Gagarawa, ran Alhamis ya ƙarasa kasuwar Maigatari. Saƙon ɗaya ne: dogon Bafulatani mai ɗingisa ƙafar hagu, wanda ya taɓa shi da aska shi da Allah.

Bappa kuwa ya sha yawo. Na Sule Tankarkar ya ce ƙahonsa ya tsage. Na Gagarawa ya ce yau hannunsa rawa yake yi. Na Maigatari, wani Badamagare, yana hango ɗingishin ya rataya zabirarsa ya shige cikin 'yan raƙuma. Bappa ya dawo gida a fusace, ya daina amsa sallamar Ɗantsoho. Wannan ya ci wa wanzami rai ƙwarai, har tuwo ya daina yi masa daɗi, amma bai janye ba.

Sai da aka yi sati biyar, gero ya kai gwiwa, sannan Bappa ya zo ya zauna a tabarma, suma ta yi buzu-buzu, gemu ya haɗe da saje.

"Na san aikinka ne, Bamange."

"Nawa ne."

"To yi wani abu da kan nan. Jikokina sun fara guduna."

Ɗantsoho ya tsallaka wurin Kyauta tela ya aro almakashi. Wanzami ɗan wanzami da almakashin tela! Kafin ya kai rabin kai 'yan kallo sun cika gindin darbejiya, har da masu ba shi shawarar ya fara awo da tef. Aski ya fito hawa-hawa kamar kunyar gyaɗa. Bappa ya karɓi madubi, ya juya nan ya juya can, ya yi ta cije leɓe, daga baya dariya ta ƙwace masa.

"Wallahi ka ɓata ni."

"Na ɓata ka," in ji Ɗantsoho, yana kakkaɓe masa gashi daga kafaɗa. "Amma ga ka nan zaune kana zagina. Tashi, la'asar ta yi, je ka sha ƙwayarka."