Tawada a Yatsan Baba Direba

"Sauke takardar nan daga gwiwata, ka ɗauki rezarka," in ji Baba Direba. "Aski na kira ka, ba taro ba."

Na sauke, sai dai ban mayar da ita jaka ba. Na ajiye ta a kan benci kusa da kwanon kumfa, ita da ɗan gwangwanin tawada.

Ni mai aski ne, shagona a jikin katangar gidansa yake. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, duk mako nake shiga in yi masa gyaran fuska a ƙofar ɗakinsa. Shekara talatin ya yi yana tuƙa jirgin ƙasa daga wannan gefen ƙasar zuwa wancan, har jirgin ya daina tafiya. Matarsa ta rasu. 'Yarsa ɗaya ce, tana aure can inda layin dogon ya ƙare.

Takardar kuwa ta ƙungiyarmu ce, masu neman a raba ƙasa, yankinmu ya ci gashin kansa. Sakatarenmu ya ba kowa shafi mai gurbi ashirin, a dangwala yatsa. Nawa saura gurbi ɗaya, kuma ranar za a mayar.

"Baba, ai kai aka fi cuta," na ce, ina shafa masa kumfa. "Asibitin da muka kai ka, a tabarma ka kwana. Gadar nan shekara shida da karyewa, har yau a kwalekwale ake hayewa da masu naƙuda. Abin da ake haƙowa a nan, can ake kai shi, mu a bar mu da ramuka. Sakatare ya ce in muka ware, wanda zai mulke mu mun san ƙofar gidansa."

"Sakataren naku da gemunsa bai gama fitowa ba?" Ya yi dariya da rabin bakin da ya rage masa. "Duk abin da ka faɗa gaskiya ne, ɗana, har ka rage. In zagin gwamnati ne, zauna in koya maka, ni da na ga ciyawa ta cinye layin dogo. Amma ranar da kuka ja iyaka, 'yata ta zama baƙuwa. Sai ta nemi izini kafin ta zo ganin gawata? Ku yi abinku, amma ba da yatsana ba."

Na ci gaba da aikina.

Baba yana da wata ɗabi'a: da zarar na ɗora masa tawul mai ɗumi a fuska, sai gyangyaɗi ya ɗauke shi. Ranar ma haka aka yi. Na dubi takardar, na dubi hannun damansa a yashe kan cinya, wanda ko allura aka soka ba ya ji. Na ce a raina, ai don shi ma muke yi. Na buɗe gwangwanin, na ɗaga hannun. Yana da nauyi, ga sanyi. Na dangwala babban yatsansa a gurbin da ya rage.

Na goge yatsan da gefen rigata, tawadar ta ƙi fita, sai ma ta shige ƙarƙashin farce.

"Ka gama?" ya ce daga ƙarƙashin tawul.

"Na gama, Baba."

"Har da wancan?"

Na tura gwangwanin cikin jaka.

"Hannun ne ba ya ji. Kunnen yana nan, ya ji murfin gwangwani." Ya ɗan nisa. "Ka bar min kumfa a wuya, goge."

Na goge. Da na so, a nan zan yaga shafin. Ban yaga ba. Da la'asar na miƙa shi, Sakatare ya ɗaga shi sama a gaban jama'a, ya ce ga wanda ya cika nasa, har tsohon direban gwamnati ya bi mu. Aka tafa mini.

Washegari ban shiga gidan ba. Innata, da take kai masa abinci, ta dawo ta ce yana tambaya, "Ina ɗan siyasan nan?" Na ce aiki ya yi mini yawa. Da yamma jikinsa ya rikice, aka buga wa 'yarsa waya. Da hantsin kashegari ya cika. Ita kuwa tana bakin karyayyar gadar, tana jiran kwalekwale, sai bayan awa biyu ta iso.

Ina tsaye a bakin ƙofa ta durƙusa gabansa, ta kama hannun daman. Ta jima tana kallon babban yatsan.

"Ƙanina, wannan tawadar fa?" Ba ta jira amsa ba. "Wasiƙa ya so rubuta min, ko? Da, kowace tasha ya tsaya sai ya aiko. Allah ya saka maka, an ce kai kake kula da shi."

"Yaya, bari in kawo ruwa," na ce.

Na ɗauko kwanon aski da sabulu da tawul ɗin nan. Na zauna a ƙasa, na ɗora hannun a gwiwata, ina cuɗawa a hankali. Ruwan kwanon ya yi shuɗi-shuɗi. Na zubar, na sake wani. A zanen yatsan kuwa, siraran layukan tawadar suna nan.