Layi na Uku a Kan Taswirar Gonarmu

Ni dai Sha'aban ban taɓa son kotu ba, amma Alhaji Sama'ilu sai da ya kai ni. Maƙwabcina ne a gona, can gabas da Zakirai. Rana ɗaya ya tashi ya ce wai daga kukar nan har bakin gamba na ubansa ne. Ji fa! Gonar da na yi rarrafe a cikin kunyarta, wadda duk gidanmu ke ci daga gare ta.

Ban tsaya cacar baki ba, na ɗauko taswirarmu. Tun zamanin Turawa, lokacin da malaman taki ke auna gonaki da ƙafa, aka zana wa kakana ita. Tana cikin gafaka, a ƙasan akwatina. Lauyan Alhaji ya kalle ta ya taɓe baki, ya ce jabu ce, takarda ta tsufa amma layin iyaka baƙi wuluk kamar na jiya. Sai alƙali ya ce a kai jami'a a gwada tawadar.

Dalilin baƙin na san shi, amma ba maganar da ake yi a waje ba ce. A gidanmu idan mai gona ya rasu, ana kankare zugen gindin tukunyar da aka ɗumama ruwan wankansa, wato baƙin hayaƙin nan, a dama da ƙaro a yi tawada. Magajinsa zai bi kan layin iyaka da alƙalami tun kafin a dawo daga maƙabarta, daga nan gona ta zama tasa. Babana ya bi layin ranar da kakana ya rasu. Ni na bi ranar da babana ya rasu, hannuna na rawa. Malaman garinmu ba su son abin, shi ya sa muke yinsa shiru.

Muka shiga mota ni da babban ɗana Khalilu, har jami'ar, can wajen Rijiyar Zaki. Tun daga gida yaron nan bai ce uffan ba. Na ce, "Kai, gawa muka ɗauko ne?" Ya sunkuyar da kai.

Wadda za ta yi gwajin Dakta Rumaisa ce, mace mai magana a hankali. Ɗakin sanyi ƙalau, babu taga, sai ƙarar na'ura ƙasa-ƙasa. Ta sa safar hannu, ta shimfiɗa taswirar a ƙarƙashin madubi, sai ga iyakarmu a fuskar kwamfuta, ta yi kauri kamar igiyar guga.

"Baba, ka ga wannan ja-ja na can ƙasa? Tawadar Turawa ce mai ƙarfe a ciki, har ta fara cin takardar. Wannan tsohuwa ce, ba shakka. Amma an bi kanta da baƙi."

"An bi," na ce. "Sau biyu."

"Sau uku, Baba."

Na ce ta sake dubawa. Ta nuna mini wata kusurwa, wajen kuka, inda hannuwa suka ɗan rabu. Na gane na babana, miƙaƙƙe. Na gane nawa da rawarsa. Ga kuma wani a samansu, siriri, ya bi su sau da ƙafa.

Ta kashe fitilar ɗakin, ta kunna wata wadda ido ba ya ganin haskenta. Ta ce zuge ba ya ɓuya a wannan haske, amma tawadar kanti tana ɓacewa. Ina kallon fuskar kwamfutar, layin na uku ya dushe, ya tafi, sai ɗigo-ɗigo baƙaƙe suka rage a jere kamar tururuwa.

"Tawadar kwalba ce ta zamanin nan," in ji ta, "amma an zuba mata zuge. Ban taɓa ganin wanda ya haɗa su ba. Me zai sa mutum ya yi haka?"

Wallahi tsoro na ji, irin wanda ban ji ba tun ina yaro. Layi ɗaya gawa ɗaya ne a gidanmu, kuma gawa biyu na sani. Na juya na kalli Khalilu. Hawaye ne ke bin gemunsa.

"Tukunyar wa?" na ce.

Sai da muka fito waje, a gindin wata darbejiya, ya warware mini komai. Bara da damina na kwanta asibiti a birni, na yi kwanaki ban san inda kaina yake ba. Ashe wata safiya ƙanina da ke jinyata ya ga na sandare, ya buga waya gida ya ce an yi rashi. Mata suka ɗora ruwa. Aka tura masu haƙa. Khalilu ya kankare tukunya, ya nemi ƙaro ya rasa, sai ya zuba zugen a tawadar 'yan makaranta ya bi layin. Yana ajiye alƙalami waya ta sake shigowa, wai na yi tari.

"Muka haɗu muka yi alkawari ba za ka ji ba, Baba."

"Ruwan fa?"

"Inna ta zubar a bayan rumbu."

"Ramin fa?"

"Yana nan. Mun rufe shi da kara."

Na ɗaga hannu zan kwaɗa masa mari, hannun ya ƙi. Kusan shekara guda ke nan ina mamakin yadda matata ke zabura idan na shigo ban yi gyaran murya ba.

Dakta Rumaisa ta gaya mini gaskiya. Rahotonta zai ce asalin taswirar na gaske ne, kuma duk layukan sun bi hanya ɗaya. Amma zai ce an taɓa ta kwanan nan, kuma idan ba a bayyana dalili ba, lauyan can zai ce don shari'ar aka yi.

Don haka ranar zama na miƙe a gaban alƙali, ga Alhaji Sama'ilu, ga rabin garinmu, na faɗi abin da kakannina suka ɓoye. Na faɗi tukunya, na faɗi zuge, na faɗi ramina da ke jira a ƙarƙashin kara. Wani tsoho a baya ya ja da kujerarsa nesa da ni.

Alƙali ya gama rubutu ya ɗago. "Na gamsu iyaka ba ta motsa ba. Amma ina so in san sunan da zan sa. Malam Sha'aban, a bisa wannan al'ada taku da ka rantse a kanta, wa ke da gonar yanzu?"

Khalilu ya yi ta girgiza mini kai. To me zan ce? Idan na ce tawa ce, na ƙaryata abin da na rantse a kai yanzun nan, Alhaji kuma yana zaune yana jira.

"Ta wanda ya bi layi ce," na ce.

Gona ta tsira, alhamdulillahi. Bana da ruwan shuka ya sauka na saɓa sungumi na fita da sassafe, na tarar su Khalilu har sun yi nisa. Dawa suka sa a inda nake sa gero, kuma babu wanda ya tambaye ni. Na yi sallama daga bakin gamba. Khalilu ya ɗago, ya yi addu'ar neman tsari kamar wanda ya ga fatalwa, na ga leɓensa na motsi, sannan ya amsa.